Ɗaukar Hoton Halittun Kududdufin Gida Daga Kusa: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mazauna Kumasi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar hoto a unguwannin Aboabo, Asawase da Asokore Mampong suka fi maimaitawa idan zance ya zo kan ɗaukar ƙananan halittun ruwa. An ba da amsoshin ne bisa yanayin Kumasi, da ruwan samanta da hunturunta da irin gidajen da muke zaune a cikinsu, ko da yake mazaunin Nima ko Madina a Accra zai tarar mafi yawansu sun dace da shi.

Mene ne hoton kusa, kuma ina bambancinsa da zuƙo abu daga nesa?

Zuƙowa ita ce jawo abin da ke nesa ya cika hoto, kamar yadda ake yi wa ɗan wasa a tsakiyar fili. Hoton kusa kuwa, wanda masu sana'ar ke kira makro, shi ne kusantar ƙaramin abu har siffarsa ta faɗa kan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara da girmanta na zahiri. Wannan ma'auni shi ake rubutawa 1:1. Farantin babbar kyamara yana da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24, saboda haka ƙwaron da tsawonsa ya kai milimita 36 zai cika hoton daga gefe zuwa gefe, kuma idan aka buɗe hoton a kwamfuta za a ga gashin ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Ba dole ne kowane hoto ya kai wannan ma'auni ba. Kwaɗo da mazari manya ne, kuma rabin wannan girma ko sulusinsa ya ishe su.

Gidanmu na haya ne, tsakar gida kuma siminti ce. Ina zan sami kududdufi?

Ba a bukatar haƙa rami. Tsohon tankin roba da aka yanke, ko babban baho, ko rabin duro, duk suna zama kududdufi matuƙar an ba su abin da halitta ke nema. Zurfin santimita 30 zuwa 50 ya wadatar. A zuba yashi da tsakuwa a ƙasa, a jera duwatsu ko bulo a gefe guda su zama matakala, domin kwaɗon da ya faɗa cikin baho mai santsi ba tare da hanyar fita ba zai gaji ya mutu. A kafa sanda biyu ko uku su fito sama da ruwan, waɗanda amfaninsu zai bayyana idan mun zo maganar mazari. Ruwan sama shi ne mafi kyau. Idan na famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin a sa tsiro, saboda sinadarin kulorin da ake zuba masa.

Bado yana ba da ganyen da kwaɗi ke hawa da furen da ƙudan zuma ke zuwa wa. Kainuwa tana da kyau a hoto, amma dashen Allah ce, cikin 'yan makonni sai ta rufe ruwan gaba ɗaya, kuma akwai wani jinsin sauro da tsutsarsa ke manne wa saiwarta tana shaƙar iska daga can, don haka gara a guje ta. A ajiye bahon inda rana ke taɓa shi da safe, inuwa ta rufe shi da tsakar rana.

Kafin duk wannan, a nemi izinin mai gida, a kuma shawarci maƙwabta. A gidan da ke da yara masu rarrafe, wajibi ne a rufe ruwan da ragar ƙarfe mai ƙarfi ko a kewaye shi, domin ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba yana iya halaka ƙaramin yaro cikin shiru.

Ashe ba gidan sauro zan gina wa unguwa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma mai ɗaukar hoton da ya yi mata riƙon sakainar kashi bai cancanci ya ajiye ruwa a gida ba. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya ya fi son ruwa marar zurfi, mai samun rana, wanda babu abin da ke farautar tsutsarsa a ciki, kuma a zafi irin namu yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ke nan sabon kududdufi shi ne mafi haɗari, a makonnin farko kafin 'ya'yan mazari da ƙwarin ruwa masu cin tsutsa su zauna a ciki. 'Ya'yan kwaɗi ba sa taimakawa sosai a nan, domin yawancinsu gansakuka suke ci.

Abin yi shi ne a riƙa ɗibar ruwan da farin kwano duk bayan kwana uku a duba. Tsutsar sauron maleriya tana kwanciya a miƙe daidai da fuskar ruwa, ta sauron kwata kuwa tana rataya kai a ƙasa. Idan an gan su, a tace su da rariya a zubar a busasshiyar ƙasa, ko a yi amfani da maganin ƙwayar halitta mai suna Bti, wanda ke kashe tsutsar sauro ya ƙyale kwaɗi da mazari. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai, kada kuma a fesa maganin sauro kusa da ruwan. Kifi yana cin tsutsar, amma yana haɗawa da 'ya'yan kwaɗi da na mazari, tarwaɗa ma ba ta barin komai. Wanda ya sa ta ya sami miya, ya rasa abin ɗauka. Idan mutum zai yi tafiyar da ta wuce mako ɗaya kuma babu mai dubawa, ya zubar da ruwan ya kife bahon. Hakan ya fi a wayi gari duba-gari, waɗanda a nan ake kira tankas, suna ƙwanƙwasa ƙofa da gaskiyarsu.

Waɗanne halittu ne za su zo?

Mazari ne kan riga kowa, musamman jajayen nan da masu launin toka-toka, sai kuma 'yan uwansu sirara masu jiki kamar allura. Bambance su ba shi da wuya: babban mazari yana sauka da fukafukansa a buɗe, siririn kuwa yakan naɗe nasa a bayansa. Daga nan sai ƙwarin da ke tafiya a kan ruwa, da masu iyo a rigingine, da gizo-gizon da ke fako a bakin ganye. Da ruwan sama ya kankama kwaɗi za su iso. Kwaɗon tudu mai kaushin fata yana zuba ƙwansa a jere cikin dogon zare mai yauƙi, kuma cikin 'yan kwanaki ruwan zai cika da baƙaƙen 'ya'ya masu wutsiya. Gidan da ke kusa da fadama yana iya samun ƙananan kwaɗin ciyawa, waɗanda ba su fi ɗan yatsa ba, masu launi kamar an yi musu fenti. Zanzaro yana zuwa ɗibar laka, malam-buɗe-littafi yana sauka a jiƙaƙƙen yashi, ƙadangare kuma yana zuwa saboda su duka.

Wayar hannu za ta iya wannan aiki?

Za ta iya wani ɓangare nasa, kuma da babu gara ba daɗi. Wasu wayoyin zamani suna iya saita abu daga tazarar santimita 2, akwai kuma ƙaramin gilashin da ake maƙala wa waya, wanda akan samu a shagunan kayan waya na Adum. Matsalar ita ce tazarar. Babu mazarin da zai tsaya a kawo masa waya har bakin hanci, kuma inuwar wayar kanta tana rufe abin da ake son ɗauka. Waya ta fi dacewa da ƙwan kwaɗi, da katantanwa, da raɓa a kan ganyen bado, da ɓawon da ɗan mazari ya bari. A ɗaura mata igiya a wuyan hannu, tun da a kan ruwa ake aiki.

Idan zan sayi kayan kyamara, da me zan fara?

Gilashin kyamara na makro mai lambar milimita 90, 100 ko 105 a jikinsa shi ne ya fi dacewa da bakin ruwa, domin ko a ma'aunin 1:1 yana barin kimanin santimita 13 zuwa 15 tsakanin bakinsa da ƙwaron. Gajere mai milimita 40 ko 60 yana tilasta wa mutum matsawa har ƙwaron ya tashi. Wanda aljihunsa bai kai ba yana da hanyoyi uku masu sauƙi. Akwai zobban ƙara tsawo da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, waɗanda galibi ke zuwa uku a haɗe, masu milimita 12, 20 da 36. Idan aka haɗa su duka a bayan gilashi mai milimita 50, girman zai zarce 1:1. Akwai gilashin ƙari da ake maƙalawa a gaba, irin su Raynox DCR-250. Akwai kuma zoben da ke ba da damar juya gilashi a ɗaura shi ta baibai, wanda ya fi duka arha, ya kuma fi duka wahalar sarrafawa. A ganina, mai farawa ya sayi zobban ƙara tsawo da fitilar kyamara, ya yi damina guda da su kafin ya yanke shawarar sayen gilashi mai tsada. Idan na hannu zai saya, ya haska cikinsa da tocila, domin a garin danshi irin wannan gilashi da yawa sun yi fumfuna a ciki.

Me ya sa idon ƙwaro ke fitowa tar, sauran jikin ya dushe?

Wannan ba laifin kyamara ba ne, ɗabi'ar haske ce, kuma duk wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin sana'ar. Duk lokacin da aka ƙara kusantar abu, kaurin wurin da ke fitowa tar yana raguwa. A ma'aunin 1:1, idan ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi a cikin gilashi, tana kan f/11 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar kafar), wannan kauri bai kai milimita ɗaya da rabi ba, wato bai fi kaurin tsinken ashana ba. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa duk za su dushe.

Matse ƙofar haske yana ƙara kaurin, amma yana da iyaka. Idan aka wuce f/16, hasken da ke kutsawa ta ƙaramar kafa yana bajewa, hoton duka ya yi laushi. Tsakanin f/8 da f/13 ne aka fi samun daidaito. Dabarar da ta fi wannan amfani ita ce ta tsayuwar mai ɗauka: a daidaita bayan kyamara da tsawon jikin ƙwaron, a ɗauke shi daga gefe, yadda kai da ƙirji da wutsiya za su kasance a tazara ɗaya da gilashi. Idan kuwa ta fuska ake so, a haƙura da wutsiya, a tabbatar ido ya fito, domin mai kallo yana yafe wa hoto komai in ban da dusasshen ido.

Saitin kai-tsaye na kyamara yakan ruɗe a wannan tazara, ya yi ta kai da komo. Masu gogewa suna kashe shi, su tsayar da girman da suke so, sannan su riƙa matsar da jikinsu gaba da baya a hankali, su danna a daidai lokacin da idon ya fito. Hannu zai yi rawa kamar mazarin da ake ɗauka, shi ya sa ake kafa gwiwar hannu a ƙasa ko a kan jakar shinkafa, a ɗauki hotuna biyar ko goma a jere da fatan ɗaya ya dace. Akwai kuma hanyar ɗaukar hotuna da dama, kowanne da saitinsa, a haɗe su a kwamfuta su zama guda. Tana aiki ga abin da ba ya motsi, amma kwaɗo mai numfashi yana ɓata ta.

Abu na ƙarshe a nan shi ne tsayin da ake ɗauka daga gare shi. Hoton da aka ɗauka a tsaye ana kallon ƙasa bayan kwaɗo kawai yake nunawa da lakar da ke ƙarƙashinsa. Sai an shimfiɗa tsohuwar tabarma an kwanta ruf da ciki, gilashi ya yi daidai da idon halittar, sannan bangon hoton ke yin nisa ya narke, fuskar ta fito. Shi ya sa yake da kyau a ɗora baho a kan bulo, don kada baya ya ƙage.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

A Kumasi rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma tana hawa sama da sauri, saboda haka sa'a ɗaya da rabi ta farko bayan fitowar rana ita ce zinariyar yini. A lokacin iska ba ta taso ba, haske yana da taushi, ƙwarin kuma ba su ɗumama ba balle su yi tashin hanzari. Ranar da hadari ya lulluɓe sama ta fi ranar ƙwallelliya, domin gajimare yana tace haske. A cikin shekara kuwa, babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli ita ce lokacin kwaɗi, ƙaramar ta Satumba zuwa Nuwamba kuma tana zuwa da mazari masu yawa. Kada a raina hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ruwa ya yi ƙaranci a unguwa, bahon nan yana zama mashayar ƙudan zuma da zanzaro da tsuntsaye.

Mazari ba ya tsayawa. Yaya ake yi da shi?

Ba a bin mazari, jiran sa ake yi. Idonsa ya ƙunshi dubban ƙananan idanu, a manyan jinsuna har kusan 30,000 a kowane gefe, kuma motsi ne abin da ya fi gani. Sai dai namijin mazari yana da wata ɗabi'a da ke ba da shi: yana zaɓar tsinke guda ya mai da shi wurin gadi, ya tashi ya kori abokin hamayya ko ya cafke ƙwaro, ya dawo kan tsinken nan dai. Sandunan da aka kafa a cikin ruwa don wannan aka kafa su, kuma da yake mai kududdufi ne ya zaɓi inda ya kafa su, shi ne ya zaɓi hasken da zai faɗa kan mazarin da bangon da zai kasance a bayansa. A saita kyamara a kan bakin sandar, a zauna. Idan ya tashi kada a motsa, zai dawo. Idan ana son matsawa, a matsa kai tsaye gaba, kaɗan-kaɗan, ba tare da karkata gefe ba, kuma kada inuwar mutum ta faɗa kansa.

Mazarin da ke zaune yana bukatar ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ta 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri, mai tashi kuwa sai 1/2000, tare da ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara. Hoton da ya fi waɗannan daraja shi ne na fitowar mazari daga ɓawonsa. Ɗan mazari yana yin makonni ko watanni a ƙarƙashin ruwa yana farauta, sannan wani dare ko asuba ya hau sanda, bayansa ya tsage, sabon jiki ya fito a jiƙe, fukafukan su miƙe a hankali cikin sa'a ɗaya zuwa biyu. A wannan hali ba ya iya gudu, kuma taɓa shi kaɗan yana lanƙwasa fiffiken har abada. Wanda ya ga busasshen ɓawo a jikin sanda yau, ya fito da tocila kafin asubar gobe, domin sau da yawa 'yan uwansa suna biye.

Ƙyallin ruwa yana hana ganin abin da ke ciki. Akwai magani?

Akwai gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara a riƙa juya shi har ƙyallin ya gushe. Ya fi aiki idan ana kallon ruwan a karkace, kimanin digiri 37 daga fuskarsa, amma yana rage hasken da ke shiga da fiye da rabi. Mai waya yana iya riƙe baƙar lema a saman wurin. Ga 'ya'yan kwaɗi da na mazari, hanya mafi tsabta ita ce ƙaramin akwatin gilashi siriri da aka cika da ruwan kududdufin kansa, a bari laka ta kwanta, a ɗauka ta gefe, a mai da su cikin minti kaɗan kafin ruwan ya yi zafi.

Fitila tana cutar da kwaɗi? Kuma ya halatta a kama su don a gyara musu zama?

Da dare kwaɗi suka fi bayyana, lokacin da namiji ke hura maƙogwaro yana kira, kuma ba makawa sai da fitila. Fitilar da ba a tace ba tana barin farin tabo a jiƙaƙƙiyar fata, don haka ake rufe ta da farar takarda ko yankin farar roba, a rage ƙarfinta, a tsayar da ƙiftawa a 1/200. A taƙaita walƙawar, idan kwaɗon ya daina kuka ko ya juya baya a ƙyale shi. A sa takalmi rufaffe, a haska ƙasa kafin a durƙusa, domin inda kwaɗi suka taru maciji yana iya biyo su.

Kamu kuwa ba shi da amfani. Kwaɗo yana shan ruwa da wani ɓangare na iskarsa ta fata, saboda haka man shafawa da sabulu da maganin sauron da ke hannun mutum suna shiga jikinsa. Masu sa ƙwaro a firji don ya sandare su ɗauke shi suna samun hoton da gwani ke gane shi daga yadda ƙafafun suka lanƙwashe. Ga Musulmi ma akwai ƙarin dalili, tun da ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo. A gargaɗi yaran gida da wannan, domin da zarar sun ga babba yana kula da kwaɗi su ma za su so riƙewa.

Yaya ake kiyaye kayan aiki a yanayin Kumasi?

Da damina a ajiye kyamara da gilasanta a cikin roba mai murfi da ke rufuwa gam, tare da ƙullin tsakuwar silika mai shan danshi, a riƙa busar da ita idan ta jiƙa. Jakar fata da cikin durowar tufafi su ne gonar fumfuna. Da hunturu kada a sauya gilashi a tsakar gida, domin ƙurar da ta sauka kan farantin kyamara ba ta ɓoyuwa a f/11, za ta fito baƙaƙen ɗigo a kowane hoto.

Idan na ƙware a gida, ina zan nufa?

Gandun Owabi da ke arewa maso yammacin birni, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 1988, yana da tafki da daji a wuri guda. Dajin Bobiri da ke kusa da Kubease a hanyar Accra ya shahara da jinsunan malam-buɗe-littafi kusan 400, tafkin Bosomtwe kuma yana da nisan kimanin kilomita 30 daga gari. A nemi izini a ƙofa, a tambayi ko akwai kuɗin shiga da kyamara, kuma kada a shiga ruwan da ba a sani ba da ƙafa tsirara, saboda tsargiya da ake ɗauka daga ruwan da katantanwa ke ciki. Kada kuma a ɗebo ƙwai ko tsiro daga gandun gwamnati a kawo gida. A je da tabarmar nan da jakar shinkafar, a isa kafin ƙarfe 7, a nemi sandar da mazari ke gadi a kanta.